Maƙwabta masu faɗa da suka koma masoya: ta ina zan juya labarin?

Yar_Alkalami
Assalamu alaikum jama'ar guruf. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen masu rubutu da waɗanda suka daɗe suna karatu. Wani labari nake rubutawa na soyayya da barkwanci, ba kuka ba makirci, maƙwabta ne biyu a gidan haya bango ɗaya ya raba ɗakunansu. Ita tela ce tana zaune da mahaifiyarta, a gida take ɗinki kuma kekenta a jikin wannan bangon yake saboda nan ne kusa da taga. Shi kuma nas ne yawanci aikin dare yake yi, sai ya dawo da safe yana neman barci daidai lokacin da ita take hawa keke. To daga nan rigima ta tashi, ya buga bango ta ƙara wuta, ya rubuta takarda ya zura ta ƙasan ƙofa ita kuma ta bi kurakuran rubutunsa da jan biro ta gyara ta maida masa. Na kai babi na 12 kuma faɗan yana min daɗin rubutawa sosai, amma duk sanda nazo juya su zuwa so sai inji abin ya zama ƙarya, jiya harara yau bugun zuciya, ni kaina ban yarda ba balle mai karatu. Yayata ta karanta tace wai ai dama irin labaran nan duk shaci-faɗi ne, wanda ya tsaya maka a wuya ba zaka taɓa sonsa ba. Ni ina ganin yana yiwuwa hanyar ce ban samu ba. Ya kuke gani?

Mmn_Nur
Wa alaikumus salam. Ni dai jan biron nan ya gama dani hhhh dan Allah kar ki cire shi. Kuma in kin lura hanyar da kike nema tana hannunki, takardun nan ne. Ki barsu suci gaba da rubuta wa juna, tun ana habaici layi biyu har takarda ta fara tsawo, wata rana ta leƙa ƙasan ƙofa taga ba komai sai kawai ranta ya ɓaci ta wuni tana faɗa da zare bata san dalili ba.

Sadiq_Dan_Littafi
Ni kam ina bayan yayarki. Na taɓa zama da maƙwabcin da yake kunna waƙa har ƙarfe 2 na dare, in ka yi magana yace ai kuɗin haya ɗaya kuke biya. Rashin barci ba abin wasa bane, yana sa ka tsani har takun ƙafar wanda ya jawo maka. Ku marubuta sai ku ɗauki abin da ke ƙona rai ku maida shi abin dariya.

Anti_Hajjo
Sadiq naka daban ne ɗana. Maƙwabcinka bashi da wani uzuri son ransa kawai yake bi, to me zai biyo baya in ba tsana ba. Amma duba na Yar_Alkalami da kyau. Yarinyar nan da keken take riƙe kanta da mahaifiyarta, kuma rana lokacin aikin kowa ce ba wanda zai ce tayi laifi. Shi ma ya kwana a tsaye a kan marasa lafiya, barcin nan haƙƙinsa ne. Kowa da gaskiyarsa, kuma wannan ne ya sa labarin zai iya ɗaukar so daga baya, dan ba abin da za'a yafe wanda ya fi ƙarfin yafiya.

Ƙanwata abin da zan ce miki, ki daina neman ranar da za su ajiye faɗa su ɗauki so, babu wannan ranar. Ki nemi ranar da ɗaya zai ga wahalar ɗayan da idonsa. Har yanzu ita duk abin da ta sani game dashi bugun bango ne da mummunan rubutu, shi kuma ƙarar keke. Ki sa ta fito wata safiya zata zubar da ƙyallaye ta same shi a zaune a matakala barci ya kwashe shi, makulli a hannu, takalmi ƙafa ɗaya ya cire ɗayan bai samu cirewa ba, baki a ɗan buɗe. Kar tace komai, kar ta tashe shi, kar ma ki rubuta mana cewa tausayinsa ya kama ta. Ta koma ciki kawai ta ɗauki aikin hannu, maɓallai da kalmasa, bata taɓa keke ba sai azahar. In mahaifiyarta ta tambaya tace kanta ke ciwo. Shi kuma ya farka yaji ya yi barcin da rabonsa dashi tun da ya tare a gidan, bai san dalili ba. Mu masu karatu mun sani, kuma daga nan mun riga su gane inda aka dosa.

Yar_Alkalami
Anti Allah ya saka da alheri, wlh takalmi ƙafa ɗayan nan na ganshi a idona.

Bintu_22
Ni da cewa zanyi ki sa allurar keke ta soke ta a yatsa ya zo ya cire mata tunda nas ne, ko mamanta ta kamu da ciwo cikin dare a kaita asibitinsu

Mmn_Nur
@Bintu_22 a'a dan Allah, tun daga babi na 1 da aka ce nas ne kowa ya san za'a yi haka. In kuma za'a yi to ya zo can gaba bayan an riga an fara sassautawa, ba shi zai zama mabuɗin ba. Ciwo yana sa ka gode wa mutum, godiya kuma ba so bace.

Zee_Baby
Tunda an taɓo maganar bari in faɗi abin da ya daɗe yana cina. Da yawan labaran da ake sakewa a Wattpad da WhatsApp da sunan ƙiyayya ta koma so, wlh ba faɗa bane zalunci ne. Namiji ya mare ta, ya zagi iyayenta, ya tozarta ta a gaban mutane, babi 40 ana haka sai rana ɗaya yaga ta yi kwalliya wai zuciyarsa ta buga, ita kuma har da murna. Yara mata 'yan shekara 15, 16 suna karanta wannan suna ɗauka wanda ke wulaƙanta ka shi ne ke sonka a ɓoye. Yar_Alkalami ki rufa mana asiri kar nas ɗin nan ya ɗaga hannu ko ya faɗi maganar da ba'a iya janyewa.

Ummu_Hanan
Zee kin faɗi gaskiya. Ni ma'aunin da nake amfani dashi in ina karatu, in aka cire soyayyar gaba ɗaya shin zan yarda ƙanwata ta zauna kusa da mutumin nan? In amsar a'a ce rufe littafin nake yi.

Yar_Alkalami
@Zee_Baby in sha Allah babu wannan. Mafi munin abin da ya yi zuwa yanzu shi ne ya kai ƙararta wajen mai gida, ita kuma ta ɗinka matashin kai ƙarami ta rataya masa a ƙofa da takarda wai ya toshe kunne dashi.

Malam_Tanko
Bari in shigo ta ɓangaren da na karanta, halayyar ɗan Adam, dan maganar yayarki da ta Sadiq an taɓa bincikarta. A 1950 wasu masana uku, Festinger da Schachter da Back, suka fitar da binciken da suka yi a gidajen ɗalibai ma'aurata na jami'ar MIT a Amurka. Mutanen basu suka zaɓi ɗakunansu ba raba musu aka yi, yawanci basu san juna ba kafin nan. Da aka bi aka tambayi kowa su waye aminansa, sai aka tarar tsakanin masu ƙofa da ƙofa kashi 41 cikin 100 sun zama aminai, tsakanin na wannan ƙarshen baranda da wancan ƙarshen kuwa kashi 10 kacal, alhali tazarar 'yan taku ce. Har waɗanda ɗakinsu yake gindin matakala sun fi sauran na ƙasa abokai a sama, saboda ta ƙofarsu ake wucewa kullum. Daga baya a 1968 Robert Zajonc ya nuna yawan ganin abu, ko hoton fuska ne ko kalmar da baka san ma'anarta ba, yana sa ka ƙara jinsa a rai.

Amma Sadiq ma yana da hujja. Wani bincike na 1976 a wata unguwar gidaje a Kalifoniya ya gano cewa mutanen da aka fi ƙi suma a kusa suke zaune, dan na kusa ne yake iya ɓata maka rana da hayaniya ko shara ko ajiye mota. Bahaushe ai ya riga ya gama magana, zo mu zauna zo mu saɓa. Kusanci yana ƙara wa abin da ke akwai ƙarfi ne. Saboda haka marubuciya, in kina so a yarda dake sai ki shuka ɗan abin burgewa tun a cikin faɗan, ko da sau ɗaya ne yayi dariya shi kaɗai da ya karanta amsarta.

Sadiq_Dan_Littafi
Malam na gode amma binciken farkon nan a kan abota ne tsakanin mutanen da basu yi faɗa ba. Bai ce wanda ka kai ƙara wajen mai gida zaka aura ba.

Malam_Tanko
Haka ne bai ce ba. Abin da ya nuna kawai, haɗuwa kullum tana da ƙarfin da mutane basa lura dashi. Sauran aikin na mai alƙalami ne.

Tela_Mai_Almakashi
Ni tela ce bari in taimaka ta ɓangaren sana'a dan kar telolin da zasu karanta suce baki san aikin ba. Wane irin keke ne take dashi? In na ƙafa ne ƙararsa taka-taka ce kuma yawanci ta ƙasa take bi, ƙafafun ƙarfen suna jijjiga daɓe shi kuma ya kai wa bango. In babba ne na lantarki mai tsohon moto, to wannan da zarar kin kunna yana ta gurnani ko baki taka ba, shi ya fi hana barci, sabon moton da ake cewa sarbo kuwa shiru yake sai kin taka. Kuma duk tela ta san in aka sa roba mai kauri a ƙarƙashin ƙafafun, aka ja keken ya bar jikin bango ko da taki ɗaya ne, aka ɗiga mai inda ya kamata aka duba bel, ƙarar tana raguwa sosai. To kinga ita ta san wannan tun farko, taurin kai ne ya hana ta yi saboda yadda ya fara da bugun bango maimakon sallama. Wannan kaɗai ya ishe ki babi guda. Ko kuma shi ya je ya yi tambaya ya yanko robar daidai ƙafa huɗu ya ajiye mata a ƙofa da takarda mai zafi, amma da ta gwada taga ma'aunin ya zauna cif sai ta tsaya tana tunanin yaushe ya ƙare wa kekenta kallo haka.

Mmn_Nur
Wayyo wannan na robar yayi. Faɗa a baki kulawa a hannu.

Nas_Jamila
Nima bari in sa baki tunda aikina aka taɓo. Barcin rana bayan aikin dare baya kai na dare tsawo kuma baya nauyi, jiki ya saba haske na nufin a tashi, ƙaramin motsi sai ka farka kuma in ka farka komawa sai an sha wahala. Ga shi baka tashi daga aiki da zarar gari ya waye sai ka miƙa wa na safe bayanin kowane mara lafiya ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci wanda zai karɓe ka ya makara. Ka dawo gida ƙafa a kumbure kai yana sarawa, wani daren kuma an rasa wani a hannunku kana tafe da abin a ƙirji. Dan haka kar ki maida shi mai fushin banza. Ki bamu dare ɗaya a wajen aikinsa muga yadda yake lallaɓa tsoho ko yaro mai tsoron allura, sai mu gane mutumin da ke buga bango gajiya ce ta yi masa yawa. Abin da muka fi buƙata kuma labule ne mai kauri baƙi wanda haske baya ratsawa. Tunda tela ce ai kin gane sauran.

Ummu_Hanan
Roba daga shi labule daga ita, ni kam ina jin ya yi daidai da yawa kamar an auna da ma'auni. Ki zaɓi ɗaya. Ko kuma labulen ya zo da matsala, ta ɗinka ba tare da ta auna tagarsa ba ya zamo ya gaza, ya maido mata da takarda shi ma da jan biro ya rubuta tsawon tagar.

Yar_Alkalami
Hhhh Ummu_Hanan wannan ramuwar tayi min, dama ina neman inda zai rama jan biron.

Kawu_Bala
Ku yara kuna ganin kamar sabon abu ne. Labarin masoya da bango a tsakani ya kai shekara 2000, mawaƙin Rumawa Ovid ya kawo na wasu maƙwabta biyu a birnin Babila, Firamus da Tisbi, da suke magana ta wata 'yar tsaga a jikin bangon da ya haɗa gidajensu.

Anti_Hajjo
Yaya Bala wancan ai su basu yi faɗa ba, iyaye ne suka hana, kuma da mutuwa ya ƙare su duka biyun. Ƙanwarmu dariya take so a yi. In tsohon misali ake nema wanda ya fi kusa shi ne Pride and Prejudice na Jane Austen da ya fito a 1813. A wurin rawa jarumin littafin ya fara yi wa jarumar kallon raini har taji da kunnenta yana cewa kyanta bai kai ya ja hankalinsa ba, ta riƙe abin a rai. Da ya zo neman aurenta karon farko ma ƙi tayi ta wanke shi tas. Abin da ya juya labarin wasiƙa ce da ya bata washegari, ta karanta ta sake karantawa ta ga akwai inda ta yi masa mummunar fahimta. Shi ma kuma bai tsaya a wasiƙa ba ya gyara halinsa, har ya fitar da danginta daga kunya a ɓoye baya so ta sani. Kowannensu sai da ya sauko. Wannan nake so Yar_Alkalami ta riƙe, in ɗaya ne kawai ya canza to an ci shi da yaƙi ne kawai.

Kawu_Bala
To na ji Hajjo, amma dai bangon da tsagar suna nan, ita tata tsagar ƙasan ƙofa ce.

Deejah_M
Ni abin ya faru a gidan da muka taɓa haya, ba a littafi ba. Wata baiwar Allah da wani bawan Allah kusan shekara suna rigima a kan wajen ajiye mota, shi yana dawowa da wuri ya tare hanya ita kuma tana fita da asuba sai ta buga masa ƙofa ya fito da ido a kumbure ya matsar. Har zama aka yi musu. Daga baya ya gaji ya bata makullin motarsa na biyu yace ta dinga matsarwa da kanta ta barshi yayi barci. To daga makullin nan ne, yau ta bar masa takarda cewa tayarsa ta baya ta yi ƙasa, gobe ya wanke tasa ya haɗa da tata. Mu dai sai ji muka yi ana maganar aure. Dan haka Sadiq yana faruwa, ni shaida ce.

Sadiq_Dan_Littafi
@Deejah_M ɗaya kenan a cikin nawa? Sauran ai a kotu ko wajen mai gida suke ƙarewa

Zee_Baby
To ai shi yasa ake rubuta labarin ɗayan Sadiq, wa zai zauna karanta na sauran

Bintu_22
Tambaya, da bakin wa kike bada labarin? Ni nafi son inji ta bakin su biyun, babi ɗaya ita babi ɗaya shi, dan abin dariyar yana fitowa in kaga yadda kowa ya fassara abu ɗaya daban

Ummu_Hanan
Ni kuma na fi son bakinta ita kaɗai. In na san abin da ke ransa tun da wuri ɗokin ya tafi. Takardunsa sun isa su nuna mana shi, a ga yadda rubutun ke canzawa, tun yana rubuta "Zuwa ga mai keke" har ranar da zai rubuta sunanta kuma bata taɓa faɗa masa ba.

Nas_Jamila
In bakinta ne kaɗai to daren asibitin da na roƙa ya tafi kenan, ni ban yarda ba

Yar_Alkalami
Da bakin su biyun na fara kuma ina jin haka zan barshi saboda daren da Anti Jamila tace, amma zan rage nasa ya zama gajere. Yanzu abin da na ɗauka, matakala a babi na 13, robar ta biyo baya, labulen da ya gaza can gaba. Abin da ya rage min shi ne mahaifiyar, dan har yanzu tana zaune ne kawai a labarin bata yin komai, kuma ban yanke wanda zai fara bada haƙuri ba.

Mmn_Nur
Maman ai ita ya kamata ta riga kowa ganewa. Ki sa tun ana tsakiyar faɗa ita suna gaisawa dashi lafiya lau yana duba mata hawan jini a baranda, 'yar tana ciki tana cika tana batsewa.

Anti_Hajjo
Maganar haƙuri kuwa shi ya fara buga bango ba sallama, shi zai fara. Amma ita ma ta san maganin ƙarar ta ƙi yi, sai ta faɗa da bakinta, kar a bar mata shi a dunƙule.

Sadiq_Dan_Littafi
Ni a ganina ita ya kamata ta fara Anti, wata nawa mutum baya barci kuma da rayukan mutane yake aiki. In aka sa shi kaɗai ya durƙusa ni dai ba zan ƙarasa karantawa ba. Amma ki turo babi na 13 ɗin in kin gama in ga ko matakalar zata sa in sauko.

Zee_Baby
Ba wanda yace ya durƙusa, haƙuri kawai aka ce ya bayar. Kuma ni ma ina ganin ba dole sai an furta ba, wanda ya yanko roba ƙafa huɗu ai ya riga ya yi magana. Tela_Mai_Almakashi ke ya kika gani, in ke ce zaki karɓi robar a matsayin ban haƙuri ko sai ya buɗe baki?